Ba a Durƙusawa a Gidan Madam

Muyenga, Kampala
Litinin

Ssenga abar ƙaunata,

Ina gaishe ki a durƙushe, da fatan kina lafiya, ke da kowa na gida a Lukaya. Yaya gwiwar? Maganin da na aiko sau biyu ake sha a rana, bayan cin abinci, ba sau uku ba kamar yadda kika yi wancan karon.

Ssenga, ina cikin wani hali, kuma tun rasuwar Taata, mahaifina, ba ni da wanda zan kai wa irin wannan magana sai ke ƙanwarsa.

Kin san wa'adin gwajina a kamfanin gahawa yana cika ƙarshen watan nan. Madam Kemigisha, mai kamfanin, za ta yi walima a gidanta ranar Juma'a ta sama, ta kuma ɗora mini shirin gaba ɗaya. Ta ce daga yadda walimar ta kaya za ta san ko ta tabbatar da ni a aiki. Koktel suke kiran abin. Babu matooke, babu miyar gyaɗa, babu zama. Mutum arba'in za su tsaya a lambu da faɗuwar rana, kowa da tambulan a hannu, ana zagaya su da 'yan gutsattsarin nama a kan tsinke. Na tanadi giyar waragi, da ruwan abarba, da lemon tsami, da ƙanƙara, na kuma ɗauko masu rabo biyu daga otal. Duk wannan bai gagare ni ba.

Madam ta kafa dokoki biyu. Ta farko, a kwashe kujeru, wai wanda ya zauna ba ya ciniki. Ta biyu ta faɗa mini tana nuna ni da biro: "Nabbosa, a gidana ba a durƙusawa. Turawa biyu za su zo daga Jamus, ba na so su koma su ce bayi nake ajiyewa."

Jiya ina rubuta katunan gayyata sai na ci karo da sunan Mzee Mukiibi, shugaban ƙungiyar manoman gahawa ta Masaka. I, Ssenga, mahaifin Katende. Ashe dominsa ake walimar, Madam tana so ƙungiyar ta sayar mata da amfanin bana. Ta ce, "Ke kaɗai ce Muganda, 'yar ƙabilarsa, a ofishin nan. Ke za ki kula da shi, da hannunki za ki miƙa masa abin sha, ki yi masa yarenku har ya saki jiki."

Ke kika karɓi Katende da mutanensa a ɗakinki, kin san an tsayar da bikinmu a Disamba. Ta yaya zan tsaya ƙerere a kan surukina in sa masa tambulan a hannu? Gaya wa Madam gaskiya kuwa ba zai yiwu ba. Wadda na gada a kujerar nan, satin da ta kawo katin bikinta aka sallame ta. Madam ta ce ba ta horar da yarinya don wani ya zo ya kwashe.

Shekara guda na yi ina yawo da takardun digirina a ambulan kafin in sami wannan wuri. Ki ba ni shawara.

'Yarki mai biyayya,
Nabbosa


Lukaya
Alhamis

Nabbosa,

Na amsa gaisuwarki. Gwiwa tana nan, ita da ni mun saba.

Wace irin walima ce wannan? Mutum ya gina gida a kan tudun Muyenga, ya gayyaci dattijo tun daga Masaka, ya hana shi kujera, ya ba shi nama a kan tsinken sakace? Ko ni da nake gasa ayabar gonja a bakin titi ina da benci. Rowa ce kawai ta sa hoda.

Ki buɗe kunnenki. Kada hannunki ya taɓa na mutumin nan. Inuwarki ma ki janye ta. Kin manta matar Ssebbowa ta bayan coci? Tabarmar surukinta kawai ta taka, yau shekara nawa kanta yana rawa kamar ƙadangare? Na san za ki ce babu wannan a littattafanku na jami'a. To, ko babu ciwon, akwai bakin mutane, shi kuwa ba shi da asibiti.

Ki kwanta ranar, ki ce zazzaɓi ne. Kowa yana zazzaɓi. In kin ƙi, to ki tura masu rabon nan naki, ke ki lafe bayan kwalabe. Kuma ki rubuta wa wannan dogon sakaran da kika zaɓa, ya san yadda zai yi da ubansa.

Ki ci abinci. A hoton da kika aiko wuyanki kamar na zalɓe.

Ssengarki


Masaka
Lahadi

Nabbosa, akawuna,

Gaisuwa da kewa. Na karanta wasiƙarki a cikin garken shanu, na yi dariya har saniyar da nake yi wa allura ta waigo.

Kin cika tsoro. Na gaya wa mahaifina komai. Ya shafa gemu, ya ce ya ji. Ya yi alkawari ba zai nuna ya san ki ba, kuma zai taya ki nisantar kansa. Lambu ne fa, ba akwatin ashana ba. Ke gabas, shi yamma, awa biyu a watse. Zazzaɓin ƙarya kuwa kada ki fara, ke da ko "ina zuwa" ba kya iya faɗa in ba zuwan za ki yi ba.

Ki ajiye mini tsinke ɗaya, in ga abin da masu kuɗi ke ci.

Naki har kullum,
Katende


Muyenga
Asabar

Ssenga,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Da farko komai ya tafi daidai. Na tsaya bayan teburin haɗa abin sha a ƙarshen lambu, na gaya wa ɗaya daga masu rabon ya kula da dattijo mai farar doguwar riga ta kanzu. Mzee ya iso da mutum biyu na kwamitin ƙungiyarsu. Ya hango ni, ya kau da kai, ya nufi can gindin mangwaro. Na ce a raina, Allah na gode.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Mzee ba ya karɓar abin da bai san me ke ciki ba. Duk tiren da aka kai masa sai ya leƙa ya girgiza kai. Madam ta lura. Ta zo ta raɗa mini, tana murmushi don baƙi, "Wa na ce ya kula da shi? Ɗauki ruwan abarba ki tafi."

Na ɗauka. Ina dosar mangwaro, Mzee ya sulale bayan wani Bature. Na zagayo ta dama, ya bi ta hagu. Na yi kamar ina neman sa, ya yi kamar yana kallon furanni. Haka muka yi ta kewaya lambun nan kamar akuya da turke, ni da shi kowa yana taimakon ɗan'uwansa, ba wanda ya dubi wani. Da a haka aka tashi, da na tsira.

Sai ruwa ya kece. Ba yayyafi ba, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutum arba'in suka ɗuru cikin falo, kafaɗa na gugar kafaɗa. Turereniya ta kai Mzee lungu, tsakanin kabad ɗin tangaran da taga, ba gaba ba baya. Madam ta riƙo ni a gwiwar hannu ta ratsa mutane da ni.

"Mzee, ka yafe mana! Yarinyar nan ta bar ka da ƙishi. So take ka koma Masaka ka ce gidan Kemigisha ko ruwa babu? Miƙa masa, Nabbosa."

Mzee ya mayar da hannuwansa biyu baya, ya ɗaga kai yana kallon silin. Na ga gumi a goshinsa. Tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba.

"Miƙa masa mana! Hannunki ya sage ne?"

Ssenga, ban yanke shawara ba. Gwiwoyina ne suka yanke. Na tsinci kaina a ƙasa kan darduma, cikin matsattsen siket ɗin nan na ofis, na ajiye tambulan kusa da takalminsa, na juyar da fuska wajen bango na gaishe shi yadda kika koya mini. Shi ma ya amsa wa taga. Wani Bature ya zaci suma na yi, ya sunkuyo zai ɗaga ni yana kiran a kawo ruwa. 

Madam ta ce ta cikin haƙora, "Tashi. Me na gaya miki?"

Mzee ya ce wa Madam, har yanzu yana kallon taga, "Nnyabo, ki ƙyale ta. Daidai ta yi."

"Au, kun san juna ne?"

Ya ci gaba da kallon taga. Ya yi wa ɗansa alkawari, kuma ba mutumin da zai yi ƙarya ba ne. Na ga an bar dattijo tsaye a gaban jama'a da tambayar da ba zai iya amsawa ba, saboda ni. Sai na ce, "Madam, mahaifin wanda zan aura ne."

Na jira tsawa. Dariya ta yi. Ta tafa hannu ta juya ga baƙi: "Jama'a, ku ji! Ina nan ina ta wahalar zawarcin Masaka, ashe Masaka ta riga ta shigo gidana ta ƙofar baya! Mzee, ai mun zama dangi. Ciniki ya faɗa!" Aka ɗaga tambulan, aka yi shewa. Mutum biyun nan na kwamiti ba su yi dariya ba. Ɗaya ya dubi ɗaya, sannan suka dubi Mzee. Shi kuwa ya tsallake tambulan ɗin a inda na ajiye shi, ya yi sallama, ya fita cikin ruwa ba laima.

Yau da safe Madam ta kira ni. Ba kora ba ce. Ta ce ta tabbatar da ni, har da ƙarin matsayi. Sharaɗi ɗaya: Litinin ta sama za ta je Masaka gaban kwamiti a tsayar da farashi, kuma ni zan zauna kusa da ita. Na ce ban san komai a kan farashi ba tukuna. Ta ce, "Wa ya ce ki yi magana? Zama kawai za ki yi inda zai riƙa ganin ki." Na ce in na ƙi fa? Ta ce, "To, sai ki je ki yi ta durƙuso a gidan miji."

Na sami abin da na roƙa, Ssenga, amma ban san yadda zan yi da shi ba.

'Yarki,
Nabbosa


Lukaya
Laraba

'Yata,

Na amsa gaisuwa. Na karanta taki sau biyu, na biyun da tabarau.

Jiya ƙanen Mzee Mukiibi ya zo. Ya zauna a bencina, ya ci gonja biyu kafin ya buɗe baki, kin san magana mai nauyi ce. Ya ce yayansa ya yaba. Wai a cikin gidan nan cike da masu takalma, yarinya ɗaya ce aka haifa a gaban manya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Amma labari ya riga shi isa Masaka. A wurin awon gahawa ana cewa Mukiibi ya sayar da gumin manoma don ya sama wa surukarsa kujera a Kampala. Mutumin da ya shugabance su tun kafin a haife ki, ba a taɓa jin ko ƙwayar gahawa ta maƙale a aljihunsa ba, yau yara suna yi masa waƙa.

Bai ce ki bar aiki ba, dattijo ba ya faɗin haka. Cewa ya yi, wadda ta zauna gabansa a teburin ciniki ba za ta zauna a tsakar gidansa ba. Katende ya biyo bayan baffan nasa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar jiƙaƙƙen zakara. Duk surutun nan nasa, ko tari bai yi ba.

Kin saba in ce yi kaza, bar kaza. Yau ba ni da shi. Hayaƙin gawayin nan da ya cinye mini ido, don ki shiga jami'a na shaƙe shi, ba zan buɗe baki in ce ki zubar ba. Yaron nan kuma na dube shi da kyau ranar da ya zo, ba zan ce ki zubar da shi ba. Ita kuwa Madam ɗinki, in ta yi kamun kifi da ke sau ɗaya, ki sani ƙugiya ba ta hutu.

Allah ya zaɓa miki. Ki ci abinci.

Ssengarki


Muyenga
Lahadi

Ssenga,

Ina gaishe ki a durƙushe. Direban motar dare zai kawo miki wannan wasiƙa.

Na goge kayan ofis, na kuma haɗa ƙaramar jakata. Duka biyun suna bakin ƙofa. Gobe da safe zan shiga motar Madam, farar nan mai tsayi, kuma babu hanyar Masaka sai ta gaban rumfarki.

Ki fito bakin titi da hantsi. In motar ta tsaya, ki matsa mini a benci, kada ki tambaye ni komai. In ta wuce, ki aika a kira Katende ki gaya masa da bakinki cewa aikin na zaɓa, don ni ba zan iya ba.

'Yarki,
Nabbosa