Gyaɗa a Kan Kabarin Baba

Yaya Bulus,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu. Yaya Legas, yaya Anti Saratu da yara? Ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan lafiya, zuciyata ce kawai ke tafasa.

Ranar Asabar na je Vimtim in share kabarin Baba, ban same shi ba. Markus maƙwabcin gonarmu ya kwashe duwatsun, ya tuge gicciyen, ya yi huɗa ya shuka gyaɗa a kai. Da na yi magana sai ya ce, "Rifkatu, matacce ba ya riƙe iyaka." Mutumin da ya ɗauki akwatin Baba a kafaɗarsa!

To, ya ci gyaɗarsa. Baba barci yake yi. Ranar da aka busa ƙaho, da jikinsa zai tashi a daidai wurin nan, ya zauna da Allah har abada.

Ka gaida kowa. Ka sa ni a addu'a, don Fasto ya ce in yafe. Ni kuwa roƙona ɗaya ne: ranar nan ina tsaye kusa, in ga da wane ido Markus zai dube shi.

Ƙanwarka,
Rifkatu