Kwalekwale a Filin Tamaula

Karaye, daren Talata, bayan lisha.

Babban yatsan ƙafata har yanzu zugi yake, amma wallahi ban yi nadama ba.

Da hantsi Baturen makaranta ya iso da sabuwar tamaula da ɗan littafin dokokinta. Hakimi ya sa Malam Sani magatakarda ya fassara a gaban jama'a. Da ya zo kan wata kalma, wai "fanti", sai ya buɗe ƙamus, ya ce ai kwalekwale ne da ake turawa da gora. Kwalekwale a filin makaranta! Shi ne fa ke yawo yana cewa Turancina na kasuwa ne, gara a kawo ƙanensa daga Rogo a ba shi ajina.

Na ce wa Hakimi, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Kalmar harshen damo gare ta. A wasa, ka saki tamaula ne daga hannu, ka doke ta kafin ta taɓa ƙasa. Na yi gola a makarantar Midil."

Malam Sani ya ce, "Ka fi littafi sani ke nan?"

Na tuɓe takalmi, na saɓa riga, na ɗauki tamaular, na sake ta, na ɗirka mata ƙafa. Ta haye tsamiyar bakin fili, ta faɗa gonar gyaɗa. Bature ya tafa, ya ce haka suke yi har a wasansu na ƙwallo mai kama da ƙwai.

Hakimi ya dubi sama, ya ce, "Magatakarda, ashe kwalekwalen naka fiffike gare shi."

Aji dai nawa ne. Gobe da ɗingishi zan shige shi, kowa ya gani.