Maigidana Ba Allon Karatu Ba Ne

Zuwa ga Shugaban asibitin da ke duba maigidana,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya.

Wata Talata ce rayuwata ta juya. Maigidana, mai kula da kaya a wani sito a Idu, ya ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a gefen marainansa. Muka taso daga Nyanya, aka yi hoto, aka ɗebi jini. Likita ya duba hoton, ya cire tabarau, ya kira wani likitan. Ni kuwa littattafan soyayyar da na karanta sun fi akwati guda, kuma duk inda likita ya cire tabarau, shafi goma ya rage wa miji.

Ga kukana:

Na ɗaya. Talata shida a jere kuna kiransa. A shige da shi bayan labule, ɗaliban likitanci su yi layi, ni a bar ni kan benci wai maganar maza ce. Shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Na ɗauka yawan fararen riguna kusantowar ajali ne. Na yafe masa minshari, na yafe masa manta ranar aurenmu, har hijabin takaba na ware. Bawan Allah ya yi wasiyya, abinci ya daina shiga.

Na biyu. A Talata ta shida wata ɗaliba ta taya ni murna a baranda. Ta ce hoto da jini duk sun nuna ƙullutun ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, ƙaramin aiki zai fitar da shi, kuma tun makon farko kuka sani. Sai dai irinsa ba kasafai ake gani ba, shi ya sa kowane aji ke son rabonsa. Ashe ba jinya muke zuwa ba, darasi muke kawowa, a cikin wannan cunkoson motocin na Nyanya.

Na uku. Ogansa ya ce in ya ƙara fashin Talata ɗaya, ya nemi wani aikin.

Ina roƙon ku ba mu takardunsa. Ku riƙa faɗa wa mutum abin da ke jikinsa, ku nemi yardarsa kafin ku tara masa aji.

Allah ya ƙara wa ɗalibanka ilimi, ya tsare ka daga cutar da ba kasafai ake gani ba.

Talata mai zuwa maigidana ba zai zo ba. Na yi masa rajista a wani asibiti, Alhamis za a cire ƙullutun.

Wassalam.

Matar mai ƙullutu,
Nyanya, Abuja.