Farashin da Kuka Rufe Ya Ci Mini Injin Ban Ruwa

Zuwa ga Shugaban Zauren Masu Saye da Sayar da Sunayen Shafukan Intanet, Alhaji babbanmu, Allah ya ƙara girma.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali da sauran dattawan zaure. Ni ne Habibu, manomin rani daga gefen Bunkure, wannan dai mai yawan tambaya a zaurenmu na waya. Na rubuto a fili ne saboda na aiko maka saƙo sau biyu, alamar ka karanta ta fito, amsar ce har yanzu tana hanya.

Don masu karatun da ba su san sana'ar ba: sunan shafi kamar fuloti ne a intanet. Ka kama shi da kuɗi kaɗan, kana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, kana jiran wani kamfani ya buƙace shi ya taya. Ka daina biya, ya kuɓuce maka.

Ranka ya daɗe, gonata tana kan tudu, ruwan kanal ba ya hawa sai da inji. Bara bayan an gama tumatir na sayar da injin nan na kama sunaye goma sha biyu, da lissafin kafin dashen bana zan sayar da ko ɗaya ne in sayi sabon inji. Ba wanda ya tilasta ni. Abin da nake gani a zaure ne ya ba ni ƙarfin gwiwa, kuma a kansa nake kawo ƙorafi.

Na ɗaya. A zaurenmu kowa yana sayarwa, ba wanda yake faɗin nawa. Mutum zai ɗora hoton shaidar ciniki, ya rufe gurbin kuɗin da hoton zuciya ko tauraro, ya rubuta Alhamdulillahi a ƙasa. Mu kuma mu yi layi muna Allah ya sanya albarka. Albarkar me? Ba mu sani ba. Ni na tashi a kasuwar tumatir, inda kafin ka sauke kwandonka daga kan babur ka ji yadda aka sayar da na farko. Mai shayi ya sani, ɗan dako ya sani. Farashin yana iya sa ka hawaye, amma ba ya ɓuya.

Na biyu, kuma nan ne abin ya ci ni. Cikin sunayena akwai ɗaya gajere mai kalmar shinkafa a ciki. Wani mai injin casa daga Kura da ke son buɗe shafin kamfaninsa ya taya shi naira dubu ɗari uku. Kuɗin inji ke nan har da canjin fetur. Na garzaya zaure na tambaya yadda ake sayar da irinsa. Sai ga Malam Sabi'u, ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan zaure, ya ɗora hoton cinikin wani suna mai kama da nawa, kuɗin a rufe kamar kullum, ya rubuta cewa wanda ya yi haƙuri shi ke dafa dutse. Kai kanka, Alhaji, ka sa masa hoton mota a ƙasa. To ni da na ga mota me zan yi? Na ce wa mai injin casa albarka. Har da ɗan murmushi na faɗa, irin na wanda ya san abin da yake riƙe da shi.

Bayan wata biyu muka haɗu da Malam Sabi'u a wajen wani bikin suna a Madobi, muka zauna tabarma ɗaya. Na yi ta zagaye har na kai ga tambayar. Ya duba hagu, ya duba dama, ya matso da bakinsa kunnena kamar dillalin shanu, ya ce dubu ɗari da ashirin ne, amma don Allah kada in faɗa wa kowa. Wainar da ke hannuna ban san sanda na ajiye ta ba. Ashe abin da na ƙi ya ninka nasa har da ɗori. Malam Sabi'u ya yafe mini tona wannan asiri, ciwon ya fi ƙarfin alkawari.

Na uku. Na tambaye shi dalilin rufewar, ya ce tsoron kambun baka, da 'yan uwa masu zuwa gaisuwa da zarar sun ji an yi ciniki. Wannan na gane shi, ni ma ina da 'yan uwa. Amma in tsoron baki ne, ai sai a yi shiru gaba ɗaya. Wanda ya ɗora hoto ya rufe lamba bai tsira daga baki ba, ya dai bar kowa ya cike gurbin da abin da zuciyarsa ta raya masa. Sanda nake zaton Malam Sabi'u ya ɗauki miliyoyi, wallahi kallon da nake masa ya fi na yanzu haɗari.

Na huɗu. Ba a taɓa sanar da asara a zaurenmu ba. Ba wanda ya taɓa cewa ya riƙe suna shekara uku ko kare bai shinshina ba, ko ya saki ashirin don ya kasa sabuntawa. Sabon shiga sai ya ɗauka kowa hannunsa da maiƙo. Akwai samari daga Kura da Kumbotso da suke shigowa da kuɗin da suka tara da gumin shinkafa, suna kallon zukatan nan da taurari yadda na kalle su.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Wanda zai sanar da ciniki ya faɗi nawa ya kama, nawa ya sayar, da tsawon lokacin da ya riƙe. Mai tsoron baki ya tura maka a asirce, kai ka fitar da farashin ba tare da sunansa ba. A ware rana ɗaya a wata ta faɗin asara, mu yi wa juna dariya da jaje. Hoton mota kuma, ranka ya daɗe, a riƙa jira sai an ga motar.

Don kada a ce na faɗa ban yi ba, bari in buɗe fagen. Irin tumatirina ya isa dashe, ba zai jira ni ba, don haka makon jiya na sauke girman kai na koma wajen mai injin casa. Ya riga ya kama wani sunan ya buga a buhunansa. Don mutunci ya karɓi nawa a dubu tamanin, na sallama tun kafin ya rufe baki. Sauran goma sha ɗayan ba wanda ya taɓa tayawa, tara zan saki. Kuɗin bai kai na inji ba. Bana aron na ƙanena Sani zan riƙa yi, sai ya gama shayar da tasa gonar in ɗauka, kuma duk sanda na je sai ya tambaye ni yaya kasuwar intanet. Ga nawa farashin nan a buɗe, mai baki ya yi mini, in ya samu abin kamawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya ba ka cinikin da za ka iya faɗin kuɗinsa da ƙarfi. Mu kuma ya ba mu ruwa a kan lokaci.

Wassalam.

Naka,
Habibu, daga gefen Bunkure.