Goggo Hajo Ta Gauraya Mini Magani

Malumfashi, 1966

Zuwa ga Yaya Garba,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ruwan Ikko, yaya uwargida da yara? Mu lafiya lau, sai gajiya.

Aikin ƙididdigar da nake wa kamfanin magani ya sha ruwa. Likitanmu ya koya mini yadda ake gwada sabon maganin kurkunu: a jefa ƙuri'a, rabin masu ciwon su sha sabo, rabi su sha tsoho, daga baya in lissafa waɗanda suka warke a kowane ɓangare. Ya ce in lissafin ya fita tsaf, zai tura ni ƙaro ilimi Ibadan.

Daminar nan kaf a kan keke na ƙare ta, tsakanin nan da Dayi. Sai jiya na tarar Goggo Hajo ta bi gida-gida ta tattara ƙwayoyin, ta juye a ƙoƙo ɗaya, kullum da safe tana raba wa kowa daidai. Na ce, "Goggo, kin kashe ni!" Ta ce, "Kai Sani, a unguwa ɗaya za ka ba wani mai kyau ka hana wani? Ba haka muka rene ka ba."

Ga shi kuma Litinin zan fuskanci likita. A taya ni da addu'a. Ka gaishe da Malam Audu.

Af, ƙafar Goggo da kurkunu ya kama ta warke, har tana zuwa gona. Wane maganin ne ya warkar da ita, Allah kaɗai ya sani.

Ƙanenka,
Sani