Ranar da Ciwon Ya Lafa

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Direban maƙwabcina zai bi ta unguwarku, shi ya sa na rubuto, ba don ina neman komai ba.

Kwana uku ina fama da ciwon ciki. Ya fara daga cibiya, ya gangaro dama, ga amai. Shekara talatin na koyar da sassan jikin ɗan Adam kafin su sallame ni da agogon bango, ba sai wani yaron likita ya faɗa mini hanjina ya cushe ba. Na sha maganin wankin ciki, na gasa wurin da ruwan zafi. Yau da safe ciwon ya ɗauke ɗif. Kin ga ba kowa ke buƙatar nas ba.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Don Allah ajiye takardar nan ka shiga motar zuwa asibiti, na roƙi direban ya jira ka. Ciwon da ya ɗauke haka ba warkewa ba ce, afendis ɗinka ne, 'yar wutsiyar hanjin nan ta dama, ya fashe. Kada ka ci komai, ko ruwa kada ka sha. Ni dai nas ce mai wanke fo, kamar yadda ka ce ranar da na gama makaranta, amma wannan na san shi.

Ƙanwarka.

Auta,

Ina gaishe ki daga gado na tara. Ban shiga motar ba sai la'asar, da zazzaɓi ya rufe ni, cikina ya sandare kamar katako. Likitan ya danna a hankali, ya saki farat ɗaya, na yi ihun da ban san ina da shi ba. Suka ɗebi jini, suka ɗauki hoto. Wai ƙazantar hanji ta malale, tantanin da ya lulluɓe cikin duk ya kamu. An yi tiyata an wanke. Yanzu roba ke zuƙe mugunya daga gefena, magani ta jijiya, abinci sai dai ƙamshin na wasu. Likitan ya ce wankin cikin da na sha ya ƙara ɓata lamarin. Ɗalibina ne, a baya yake zama, ban taɓa zaton zai zama wani abu ba.

A takardar asibiti akwai gurbin wanda za a kira in abu ya faru. Na bar shi fili. Na kasa rubuta sunanki bayan shekara sha ɗaya ban taka gidanki ba, ko a rasuwar mijinki.

Ƙarfe huɗu ake buɗe wa masu dubiya. Kullum matar mai gado na takwas takan ce, “Baba, ba mai zuwa ko? Ara mana kujerar.” Nakan ce ɗauki.

Ban ce ki zo ba.

Yayanki.

Yaya,

Sannu da jiki. Gobe in ta tambayi kujerar, ka ce da mai ita.

Auta.