Taku Ɗari Biyu

Yaya,

Assalamu alaikum. Umma ta ce in gaishe ka, to na gaishe ka. Wannan ce wasiƙata ta huɗu, ko "na gani" ba ka iya cewa ba.

Manhajar baƙin ramin nan da muka fara a shago kafin ka tafi, ramin sama mai haɗiye haske, na gama ta ni kaɗai. Littafinka mai yagaggen bango na cinye sau uku. Yadda ka koya min na bi: daga ido nake harba zaren haske, nauyin ramin yana lanƙwasa shi taku bayan taku. Dokarka ma ban karya ba: kowane ƙaramin aiki ya karɓi abu ya ba da sabo, ba a goge tsohon.

To hoton ya fito, amma ba zoben hasken da ka yi ta cika min baki a kansa. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

Mai shago ya ce ƙarshen wata zai ba wani mai gyaran waya teburinka. Shekara biyu ina hana a taɓa ko sukudirebanka. Na gaji. In ba za ka dawo ba, faɗa min in kwashe.

Ka huta lafiya, in kana hutawa.
Barkono

*

Ƙanena Barkono,

Wa alaikumus salam. Ina fatan Umma tana lafiya, da ƙafarta. Bakinka dai yana nan yadda na bar shi.

Na karanta manhajar da ka haɗo da wasiƙar. Aikinka ya fi nawa tsabta. Kuskure ɗaya ne: ka ce duk zaren da bai fito ba bayan taku ɗari biyu, a shafa masa baƙi, ya faɗa rami. Wanda ya bi ta gab da bakin ramin sai ya yi ta zagaye kafin ya kuɓuta. Su ne zoben. Kai kuma ka yanke musu hukunci tun suna hanya. Mai da shi taku dubu biyar.

Kamfanin da na zo yi wa aiki ya sallame ni tun bara. Kaya nake saukewa a wani sito. Wasiƙunka uku suna aljihuna, na rasa da wane baki zan amsa. Kada ka faɗa wa Umma tukuna.

Yayanka

*

Yaya,

Salam. Wallahi kai wawa ne. Sito? Mu da muke gyaran waya a ƙarƙashin bene, mu za ka ji wa kunya?

Na mai da shi dubu biyar. Kwamfutar ta yi ta nishi tun safe har la'asar, fankarta kamar za ta tashi sama. Sai ga zoben, siriri kamar gashi. Na kira Umma ta gani, ta ce, "Wannan aikin yayanka ne." Ka ji fa! Ni da na yi wahalar.

Ban faɗa mata ba. Kai za ka faɗa, a gabanta.

Na ce wa mai shago teburin yana da mai shi. Hoton kuma ba zan aiko ba. Zo ka gani.

Barkono

*

Barkono,

Salam. Zan biyo motar Asabar. Goge min kujerar, amma kada ka taɓa sukudirebana.

Yaya